Birnin Osaka da Dare: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Fita

Da an ambaci Japan, Tokyo ce ke fara faɗo wa mutane a rai. Amma idan ka tambayi Bajapane inda ake zuwa a ci abinci a yi dariya, da wuya bai ce maka Osaka ba. Daren wannan birni na masu yawo da ƙafa ne, suna ci suna kallo, don haka ko ba ka shan giya ba za ka rasa abin yi ba.

Ina Osaka take?

Tana bakin teku a yammacin Honshu, babban tsibirin Japan, da mutane kimanin miliyan 2.7 a cikin birnin kansa. Daga Tokyo tafiyar awa biyu da rabi ce a Shinkansen, jirgin ƙasan nan mai tsananin gudu. Wanda ya zo ta sama daga ƙasar waje kuma a filin jirgin Kansai zai sauka, wanda aka buɗe a 1994 a kan tsibirin da aka cike teku aka yi.

Riƙe sunaye biyu. Umeda tana arewa, can ne manyan benaye da ofisoshi. Namba tana kudu, can ne hayaniya da abinci.

Me ya sa ake ce mata garin 'yan kasuwa?

Garin tsoho ne ƙwarai. Wurin ibadar mabiya addinin Buda da ake kira Shitennoji tun shekarar 593 aka kafa shi. A 1583 Toyotomi Hideyoshi, jarumin da ya haɗe kan Japan bayan dogon yaƙin basasa, ya fara gina fadarsa a nan. Zuriyarsa ba ta daɗe ba. A 1615 gidan Tokugawa ya ci fadar da yaƙi, mulki ya zauna a Edo, wato Tokyo ta yau.

Da mulki ya tafi, sai kasuwa ta zauna. A wancan zamani da shinkafa ake biyan haraji, sarakunan larduna kuwa Osaka suke turo tasu a jiragen ruwa, a tara a rumbuna, a sayar musu su sami kuɗi. A 1730 hukuma ta amince da kasuwar shinkafa ta Dojima, inda har shinkafar da ba a girbe ba ake cinikinta a takarda. A tsarin lokacin ɗan kasuwa ne a ƙasa, bayan mayaƙi da manoma da masu sana'ar hannu, kuma akwai dokokin da suka hana shi nuna dukiya yadda ya ga dama. Sai attajiran suka karkata ga cin abinci da gidajen wasa. Wanda ya san yadda Kano take ji da kanta a harkar ciniki ba zai sha wahalar gane mutanen Osaka ba.

Kada ka sa ran ganin tsohon gari. Bama-baman Amurka sun ƙone yawancinsa a 1945. Ita ma hasumiyar fadar da ake ɗauka a hoto ginin siminti ne na 1931, gidan tarihi ce a ciki, har da lif. Abin da ya fi cancantar ka tsaya ka kalla shi ne ganuwar dutse da ramin ruwan da ya kewaye ta, aikin shekarun 1620. Akwai dutse guda a jikinta da ya haura tan 100.

Ina ake zuwa idan rana ta faɗi?

Dotonbori, kusa da Namba. Magudanar ruwa ce da aka gama haƙawa a 1615, yanzu fitilun talla sun rufe ta hagu da dama. Daga kan gadar Ebisu za ka ga allon kamfanin Glico mai hoton ɗan tsere ya ɗaga hannuwa sama, wanda aka fara kafawa a 1935, jama'a na ta kwaikwayonsa ana ɗaukarsu hoto.

Tsaya gaban mai takoyaki ka ga aiki. Tanda ce ta ƙarfe mai ramuka da yawa. Zai malala ƙullun fulawa, ya jefa gutsuren naman wata dabbar teku mai hannaye takwas a kowane rami, sannan ya riƙa juya su da tsinke cikin sauri har su zama ƙwallaye. A zuba miya mai kauri, a barbaɗa busasshen kifi da aka fere siriri, wanda zafi ke sa shi motsi kamar mai rai. Kada ka yi gaggawar jefawa a baki: wajen ya huce, cikin kuwa wuta ne.

Taku kaɗan daga nan akwai lungun Hozenji, siriri, daɓe da duwatsu, babu hayaniya. A can akwai wani gunki da gansakuka ta lulluɓe shi saboda ruwan da masu addu'a ke watsa masa. Gaba ta kudu kuma unguwar Shinsekai ce, ƙarƙashin hasumiyar Tsutenkaku ta 1956, gidan kushikatsu, wato nama ko kayan lambu a tsinke, a tsoma a ƙullu a soya. Inda aka ajiye kwanon miya na kowa da kowa, sau ɗaya tak ake tsomawa. Wanda ya gatsa ya sake mayarwa ya yi abin kunya.

Musulmi fa, me zai ci?

Nan ne ake buƙatar lura. Naman alade yana cikin abinci da yawa ba tare da an gan shi ba: romon taliyar ramen, yawancin okonomiyaki (wainar kabeji da ake soyawa a kan faranti mai zafi), da tsinkunan kushikatsu. Akwai kuma mirin, ruwan shinkafa mai zaƙi da ke da giya a ciki, ana zuba shi a miya iri-iri. Sunan naman alade da Japananci butaniku; rubuta shi a waya ka nuna wa mai abinci. A kewayen Namba akwai gidajen abinci masu shaidar halal, gara ka nemo adireshinsu tun kana masauki. Akwai ɗakin salla a filin jirgin Kansai, akwai masallaci a gundumar Nishiyodogawa, sannan masallacin birnin Kobe na 1935, mafi daɗewa a ƙasar, tafiyar kusan rabin awa ce a jirgin ƙasa.

Idan abokai suka ja ka izakaya, wato gidan cin abinci da shaye-shaye, babu mai kallonka don ka nemi shayi mai sanyi. Sai dai za a kawo maka ɗan kwanon abinci da ba ka nema ba, a sa kuɗinsa a lissafi. Ba cuta ba ce, kuɗin zama ne.

Ban da ci, akwai abin kallo?

Akwai bunraku, wasan 'yar tsana da ya bunƙasa a Dotonbori tun ƙarni na 17. Mutum uku ke sarrafa tsana ɗaya a gaban idonka, wani a gefe yana rera labarin yana sauya murya, wani yana kaɗa shamisen mai tsirkiya uku. Gidan wasan ƙasa na bunraku, wanda aka buɗe a 1984, yana kusa da Namba. Akwai kuma manzai, barkwancin mutum biyu, ɗaya na shirme ɗaya na kwaɓarsa, amma wannan sai mai jin yaren. Wanda ya zo a ranakun 24 da 25 ga Yuli zai tarar da bikin Tenjin, da jerin gwanon jiragen ruwa a kogi da wasan wuta.

Akwai haɗari?

Kaɗan ne. Mata da maza suna yawo har tsakar dare hankali kwance. Abin gudu shi ne masu tare mutane a titi suna kiransu wata mashaya. Kada ka bi su, lissafin da za a kawo maka a ƙarshe zai iya kwashe guzurinka. Doka ta wajabta wa baƙo ya riƙe fasfonsa a jikinsa. Tun Janairun 2025 an hana shan taba a titunan birnin gaba ɗaya, tarar yen 1,000 ce. Lambar 'yan sanda 110, ta motar asibiti 119.

Nawa za ka kashe?

Yen ne kuɗin ƙasar. Kwanon takoyaki kan kama daga yen 500 zuwa 800, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana farawa daga yen 190, Shinkansen daga Tokyo kuma wajen yen 14,000. Sayi katin ICOCA ka zuba masa kuɗi, da shi za ka riƙa shiga jirgi da bas. Riƙe tsabar kuɗi saboda ƙananan shaguna. Ba a ba ma'aikacin gidan abinci tukuici. Idan ka bar canji a tebur, zai iya biyo ka da shi.

Abin da ke cinye kuɗin baƙo shi ne jirgin ƙarshe. Wajen ƙarfe 12 na dare jirage suke tsayawa, sai kusan 5 na asuba, tasi kuwa tana da tsada kuma tana ƙara kashi 20 cikin ɗari da daddare. Duba lokacin jirginka tun kafin ka zauna cin abinci. Idan ya wuce ka, nemi otal ɗin kafsul, inda ake hayar ɗan akurkin kwana mai ɗaukar mutum ɗaya a kwance. A Umeda aka buɗe irinsa na farko a 1979.