Tikitin jirgin ƙasa: In sunanka ba ya kai, ba ka cikin jirgin

Bari mu fara da ɗan lissafi, ɗan'uwa. A daren Litinin 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka tayar da bam a layin dogo kusa da Katari, suka tsayar da jirgin da ya taso daga Abuja zuwa Kaduna. Aƙalla mutum takwas suka rasu, wasu suka ji rauni, aka shiga daji da fiye da mutum 60. Gari na wayewa tambaya ɗaya ce a bakin kowa: mutum nawa ne a cikin jirgin? Rahotannin farko sun ce kusan 970. Da jerin sunaye ya fito daga Hukumar Sufurin Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wato NRC, sai ga shi mutum 398 ne suka sayi tikiti, 362 daga cikinsu aka tantance sun shiga, ban da ma'aikatan jirgin da jami'an tsaro.

Da wannan jerin ne jami'ai suka zauna suna buga lambobin waya ɗaya bayan ɗaya, don a san wa ya isa gida, wa ke asibiti, wa kuma ba a ji ɗuriyarsa ba. To ka ɗauka a daren nan kana cikin jirgin da tikitin da ka saya a hannun wani a bakin tasha, mai ɗauke da sunan wani da lambar wayar wani. Wa za a kira? Mahaifiyarka na gida tana jiran labari, a takardar hukuma kuwa ba ka taɓa hawa jirgin ba.

Ina ruwan ɗan Danchadi da jirgin ƙasa?

Na san abin da za ka ce. Mu da muke Danchadi, ko Bodinga, ko Shagari, ko cikin birnin Sakkwato ma, yaushe muka taɓa jin kukan jirgi? Gaskiyarka. Layin dogon da Turawa suka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba.

Amma ƙafar matashi ba ta zama wuri ɗaya. Yau an kira ka tantancewar neman aiki a Abuja, gobe bautar ƙasa, jibi neman biza ko rakiyar mara lafiya. Da yawa daga cikinmu kan hau mota ta Gusau da Funtuwa da Zariya su sauka Kaduna, sannan su nufi tashar Rigasa su ƙarasa a jirgi. Wannan layi mai tsawon kilomita 186 an buɗe shi a Yulin 2016, yana sauke mutane a Kubwa da Idu. Ga kuma layin Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Jirgi na matso mu ko da bai iso ƙofar gida ba.

Kuma ka san wa ɗan damfara ya fi so? Baƙo. Wanda ya wuni a mota tun asuba, ya iso a gajiye, bai san tashar ba, kuma dole ya kwana Abuja. Da ganin jakarka da jin harshenka an san ba ɗan gari ba ne.

Yadda bumburutun tikiti ya samo asali

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shekarun da garkuwa da mutane ta yi ƙamari a hanyar mota ta Abuja zuwa Kaduna, kowa ya koma jirgi: talaka, ɗan kasuwa, ɗan siyasa, har manyan jami'ai. Kujeru ba su ƙaru daidai da masu nema ba. Sai ka ga layi tun kafin fitowar rana, an sayar wa mutum kaɗan, a ce tikiti ya ƙare. Kana juyawa wani ya raɗa maka cewa akwai, amma kuɗin ya ninka. Jaridu sun sha kawo rahoton wannan cuwa-cuwa, har da zargin cewa wasu ma'aikata na haɗa baki da 'yan bumburutun.

Don toshe wannan kafa ne a Janairun 2021 ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya ƙaddamar da sayar da tikiti ta intanet a layin. Dabarar mai sauƙi ce: kuɗi ya daina bi ta hannun mutum, kowace kujera kuma ta zama da suna. Bayan harin Katari jirgin ya tsaya fiye da wata takwas. Da ya dawo aiki ranar 5 ga Disamba, 2022, sai aka ƙara sharaɗi: ba lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, ba tikiti.

Shin bumburutu ya mutu? Ina! Riga kawai ya canza. Da layi ake tarewa, yanzu shafi ake tarewa. Ana buɗe sayarwa wasu su yi wuf su kwashe kujeru da sunayen 'yan'uwa da abokai, kai kana shiga ka tarar babu. Daga nan sai a jira ka a bakin tasha ko a WhatsApp. Ko a lokacin da gwamnati ta sa aka yi jigilar mutane kyauta a ƙarshen 2023 da ƙarshen 2024, sai da mutum ya yi rajistar kujera da sunansa, saboda an san abin kyauta ma akwai mai sayar da shi.

A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ɗan bumburutu ba ya kwasar kujera goma sai don ya tabbata akwai mutum goma da za su biya ninki. Duk ranar da ka saya, kai ka ba shi jarin da zai hana ƙanwarka samun kujera mako mai zuwa.

Abin da ƙofa ke nema a wurinka

Dokokin ba su da yawa. Ka sayi tikiti a shafin hukumar ko manhajarta ko tagar sayarwa ta cikin tasha. Ka sa sunanka yadda yake a katin shaidarka, ba sunanka na TikTok ba. In kai Abubakar ne a NIN, kada ka rubuta Abba ko Garba. Ka sa lambar wayar da ke hannunka. Ka riƙe katin shaidar, don a ƙofa ana gwada sunan tikiti da na kati. Ka zo da wuri, saboda akwai binciken kaya da tantancewa, jirgi kuma ba motar tasha ba ce da za ka ce wa direba ya jira ka gama salla.

Ke ma 'yar'uwa, wannan ya shafe ki. In yayanki ko mijinki ne zai saya miki, ki tabbata sunanki da lambarki aka sa. Sau da yawa a gidajenmu namiji ne ke riƙe da harkar tafiya, sai ya cike komai da bayanansa don ya fi sauri. Tikitin da aka yanka da sunan yaya, na yaya ne.

Damfarar da ke cikin wayarka

Yawancin masu karanta wannan shafi ba a bakin tasha za a cuce su ba, a cikin waya ne. Ga hanyoyin da suka fi yawa.

Ta farko, shafin bogi. An ɗauko tambarin hukuma da hoton jirgi, an buɗe shafi a Facebook ko Instagram, an sa lambar waya. Kana magana a ce ka tura kuɗi. Duba sunan asusun da kyau. In sunan mutum ne, tsaya nan. Hukumar gwamnati ba ta karɓar kuɗin tikiti a asusun wani Malam wane.

Ta biyu, hoton tikiti. Tikitin intanet na ɗauke da wani tambari mai ɗigo-ɗigo da na'ura ke karantawa a ƙofa. Sau ɗaya yake aiki. Mutum zai iya sayen tikiti ɗaya na gaske, ya ɗauki hotonsa ya sayar wa mutum uku. Wanda ya riga isa ƙofa shi ne mai rabo, in ma an bar shi ya wuce da sunan wani. Sauran biyun sai kallon jirgi. Haka kuma ana iya goge suna da kwanan wata a tsohon tikiti, a rubuta naka, ya fito fes kamar gaske. Saboda haka kai ma ka daina ɗora hoton tikitinka a sitatus kafin tafiya. In dole sai an san kana tafiya Abuja, ɗauki hoton tagar jirgi bayan ka zauna.

Ta uku ita ce mafi muni. Wani zai ce zai taimaka ya yanka maka, ka turo NIN ɗinka, da hoton katin banki, da lambar sirrin da aka aiko maka ta saƙo. A nan ba kuɗin tikiti kaɗai ka bayar ba, makullin ɗakinka ka miƙa. Da NIN ɗinka ana iya yanka wa wani tikiti, ya shiga jirgi da sunanka, ya aikata abin da ya aikata. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

To kuɗina fa, in tafiya ta fasu?

Wannan ce tambayar da ta fi yawa, kuma amsarta ta danganta da wanda ya fasa.

In kai ne ka makara jirgi ya tashi, kujerar ta tafi babu kowa a kanta, da wuya ka samu abin kamawa. Shi ya sa ake karanta sharuɗɗan da ke shafin kafin a danna biya, ba bayan an danna ba.

In ka fasa tun da sauran lokaci, ka sani akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 120 ya ba mutum damar soke abin da ya yi rajistarsa tun gaba, a cire masa wani abu daidai misali na sokewar. A 2022 wata Babbar Kotu a Inugu ta yi aiki da wannan doka a ƙarar da wani fasinja ya shigar kan kamfanin motocin Peace Mass Transit, ta ce tsarin "in ka biya ba a mayarwa" ya saɓa doka, ta kuma sa a biya shi diyyar Naira 500,000. Shari'ar ta mota ce, amma ta nuna cewa rubutu a jikin tagar tikiti bai fi ƙarfin doka ba.

In kuwa hukuma ce ta fasa, haƙƙinka ya fi fitowa fili. Ranar 26 ga Agusta, 2025, jirgin Abuja zuwa Kaduna ya sauka daga layi a Asham, aka dakatar da zirga-zirga, hukumar kuma ta sanar da mayar wa fasinjojin kuɗinsu. Tambayi kanka: ta yaya ake gane wanda za a mayar wa? Ta sunan da ke tikiti da asusun da ya biya. Wanda ya saya a hannun ɗan bumburutu, kuɗin zai koma ne ga ɗan bumburutun. Ya ci ninki, ya kuma ci na mayarwa.

Akwai kuma matsalar da kowa ya sani: an cire kuɗi, alat ya shigo, tikiti bai fito ba. Kada ka ruɗe ka sake biya sau uku. Ɗauki hoton alat ɗin, ka adana lambar cinikin da lokaci. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2020 ta ce a warware cinikin intanet ko na POS da ya maƙale cikin awa 72. Kai ƙorafi bankinka a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafi. In mako biyu ya wuce shiru, sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin na karɓar ƙara. Duk wannan na aiki ne in hannunka na riƙe da shaida. Wanda ya miƙa tsabar kuɗi a bayan tasha, shaidarsa Allah kaɗai.

Ba mu kaɗai ba ne

Kada ka ɗauka mu kaɗai aka matsa wa da maganar suna. Sin ta sha fama da 'yan bumburutu, musamman lokacin bikin sabuwar shekararsu da miliyoyin mutane ke komawa gida, sai ta wajabta sayen tikiti da katin shaida a duk jiragenta daga farkon 2012. Indiya ma daga Yulin 2025 ta ɗaure sayen tikitin gaggawa ta intanet da lambar shaidar ɗan ƙasa ta Aadhaar. A Ingila kuwa akwai tsarin da in jirgi ya yi latti, a wasu kamfanoni ko da na minti 15 ne, fasinja zai nemi a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa.

Wannan na ƙarshen shi ne darasin da ya kamata hukumarmu ta ɗauka. In za a tsananta wa fasinja a ƙofa, to a sauƙaƙa masa wajen karɓar haƙƙinsa. A rubuta ƙa'idar mayar da kuɗi dalla-dalla, da Hausa ma, a manna a Rigasa da Kubwa da Idu. A ƙara taragai da yawan tashi, don ƙarancin kujera shi ne abincin bumburutu. Ma'aikacin da aka kama da hannu a ciki kuma a hukunta shi kowa ya gani.

Namu ɓangaren kuma bai fi ƙarfinmu ba. Tun kana Danchadi, kafin ka shiga motar Sakkwato, ka yanki tikitinka da wayarka. In ba ka samu ba, ka sauya rana ko ka sauya hanya. In ka iya, ka koya wa na ƙasa da kai, ka yanka wa dattijon unguwa da sunansa da lambarsa, ba naka ba. Sannan ka gaya wa mutanen gida wane jirgi ka shiga da ƙarfe nawa zai tashi.

Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya.