Diego da Abokin Aikinsa da Aka Manta

A shekarun 1960, da masu bincike suka zagaye tsibirin Española, kunkuru 14 kacal suka iske a raye: mata 12, maza 2. Sun warwatsu cikin duwatsu da ƙaya, har ba sa haɗuwa balle su hayayyafa.

Española na cikin tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado, kimanin kilomita 1,000 daga gaɓar Kudancin Amurka. Busasshen wuri ne, ruwan sha ma aiki ne, amma a nan kusan dukkan tsuntsayen wani nau'in albatros, manyan tsuntsayen teku, ke zuwa yin ƙwai. Kunkurun wurin daban yake. Ƙoƙon bayansa ya ɗaga ta gaba kamar sirdin doki, abin da ke ba shi damar miƙa dogon wuyansa ya cimma ganyen wani tsiro mai ƙaya da ya fi so.

Mutane ne suka ƙarar da su. A ƙarni na 19 matuƙan jiragen ruwa kan kwashi kunkuru su jibge a cikin jirgi, don yana iya yin watanni ba ci ba sha, ga nama ɗanye duk ranar da aka so. Awakin da aka saki a tsibirin kuma suka cinye abincin 'yan ragowar.

Sai aka kwashe goma sha huɗun zuwa cibiyar kiwo a tsibirin Santa Cruz. Maza biyu sun yi kaɗan, aka bazama cigiya a duniya. A gidan namun dajin San Diego da ke Amurka aka samu na uku, wanda ya shafe shekaru da dama a can. Aka dawo da shi a shekarun 1970, sunan garin ya bi shi.

Diego bai ba da kunya ba. Mafaɗaci ne, mai yawan hayaniya, ga nacin bin mata, kuma baƙi da 'yan jarida sun ƙaunace shi. Ma'aikata kan tono ƙwan su ƙyanƙyashe a na'ura, inda zafi ke yanke jinsi: in ya yi yawa mata ne ke fitowa. 'Ya'yan sai sun yi 'yan shekaru, ƙoƙonsu ya yi tauri, sannan a kai su Española, wadda aka raba da awaki a 1978.

Adadin 'ya'yan ya kai kusan 2,000. Jaridu suka yi ta yayata cewa Diego ne ya ceci danginsa. Amma da aka yi gwajin ƙwayoyin halitta, sai ga shi kusan kashi 40 cikin ɗari ne nasa. Kusan kashi 60 na wani shiru-shiru ne wanda ko suna ba a raɗa masa ba, lamba kawai gare shi, E5. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗaya namijin da ya rage kuwa, kusan babu abin da ya tsinana.

A 2020 aka rufe shirin, a watan Yuni aka mayar da duka 15 ɗin gida. Daga bakin teku ma'aikata suka goya su a baya zuwa cikin tsibirin, inda tsiron nan ya fi yawa. Diego, mai nauyin kusan kilo 80, ana kyautata zaton ya haura shekara 100 a lokacin.