Hattara: Ƙarewar Ruwan Jiki Na Kisa Cikin Sa'o'i

Jama'a, a yi hattara. Damina ta sauka, kwatoci sun cika, ƙazanta na gangarawa cikin rijiyoyi. Amai da gudawa kuwa ba ta sallama. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙidaya sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya. Sama da 3,000 sun rasu. Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Abin da cutar ke kashewa da shi shi ne zubar ruwa da gishirin jiki. In an mayar da su a kan lokaci, waɗanda ke mutuwa ba su kai 1 cikin 100 ba. Don haka kada a firgita. Sakaci ne abin tsoro.

Haɗari na farko shi ne jira. "Bari mu gani zuwa safe" ta raba iyaye da 'ya'ya masu yawa. Kwalara na iya kayar da ƙato lafiyayye tsakanin magariba da asuba. A duba idanun majinyaci: sun faɗa? A duba baki: ya bushe? Yaushe rabonsa da fitsari? A mintsini fatar ciki a saki. In ta wuce daƙiƙa 2 ba ta koma ba, ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai. In ya galabaita har ya kasa sha, asibiti yanzu, ko da tsakar dare ne.

Sai kuskuren fahimta. A ce zawon haƙori ne, zai wuce. A ga maɗigar jariri ta faɗa, a shafa mata magani. Maɗiga na faɗawa ne don ruwa ya ƙare a jiki. Wasu kuma su hana yaro sha, wai kada zawon ya ƙaru. Wannan yanke masa hanyar tsira ne. Uwa ta ci gaba da ba da nono. In ya yi amai, a dakata minti 10, a ci gaba da cokali, kaɗan-kaɗan.

Haɗa ruwan gishiri da sukari da ka shi ma haɗari ne. Gishiri in ya yi yawa yana janye ruwa daga ƙwaƙwalwa, yaro ya shiga jijjiga. Sukari in ya yi yawa, zawon ƙaruwa yake. Lemon kwalba ba magani ba ne. Ƙunshin haɗaɗɗen garin gishiri da sukari (ORS) ɗaya, lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiyawata 2 masu rabin lita. Kada a raba ƙunshin. Kada a rage ruwan. In babu ORS, a sa cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin gishiri, duk shafaffu, a lita 1. Abin da ya wuce awa 24 a zubar. Yaro kuma a haɗa masa da ƙwayar zinc, kwana 10 zuwa 14.

Akwai asarar da ido ba ya gani. Zawo na tafiya da sinadarin fotasiyam, wanda tsoka da zuciya ke aiki da shi. In ya yi ƙasa, jiki ya saki, ciki ya kumbura, bugun zuciya ya rikice. ORS na ɗauke da shi, haɗin gida ba ya ɗauke da shi. Ma'aikatan jinya, ku tuna: ba a tura fotasiyam kai tsaye a jijiya da sirinji. Yana tsayar da zuciya nan take. Sai an sirka, sai likita ya rubuta, sai an tabbatar majinyaci na fitsari.

Ƙarin ruwa barkatai ma na kisa. Mutane da dama sun ɗauka ba a yi magani ba sai an rataya leda. Sai a kira wani daga kemis, ya ɗaura a ɗaka, ya yi tafiyarsa. Wane ruwa ne? Lita nawa? Cikin awa nawa? Ruwan sukari zalla ba ya mayar da gishirin da ya zube. Mai kwalara da ya galabaita, ruwan jijiya na Ringer's lactate ake sa masa, ana tsaye a kansa. In ruwa ya wuce kima, huhu yake tafiya. Fatar ido ta kumbura, numfashi ya yi sauri, tari ya taso. Tsofaffi da masu ciwon zuciya ko ƙoda su suka fi saurin faɗawa.

Yaro mai tamowa kuma nasa daban ne. Zuciyarsa ba ta da ƙarfin ɗaukar ruwa mai yawa. Fatarsa da idanunsa na iya yaudarar mai dubawa. Akwai haɗi na musamman dominsa, ReSoMal, a cibiyoyin kula da tamowa, amma ba a ba shi in zawon na kwalara ne. A kai shi can, kada a gwada a gida.

Haɗari na ƙarshe yana gefen gadon asibiti. Nas, ki rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita: ruwan jijiya, abin da aka sha, fitsari, amai, bayan gida. Ki ƙirga ɗigon. Ki taɓa bugun jini, ki sake taɓawa. Ki miƙa wa mai karɓar aiki lissafi cikakke. Takardar da aka bari babu rubutu na iya jawo mutuwar ƙoda ba wanda ya ankara. Ke kuma mai jinya, kada ki murɗa ledar don ta yi saurin ƙarewa. Kada ki zubar da fitsari ko amai ba ki faɗa wa nas ba.

Yau ɗin nan kowane gida ya ajiye ORS da zinc. A tafasa ruwan sha ko a sa masa kulorin. A wanke hannu da sabulu. Daga zawon farko a fara ba da ruwa, ana kan hanyar asibiti ana bayarwa. Wanda ya karanta wannan ya sanar da maƙwabcinsa kafin cutar ta shigo unguwa.