Me Ya Sa Likita Ke Neman Hoto Kafin Maganin Daji?

"An ce daji ne, amma maimakon magani sai aka tura mu ɗaukar hoto." Wannan ƙorafi ba baƙo ba ne a bakin mutanenmu na ƙauyukan Dambatta, Bichi da Tsanyawa idan sun dawo daga Asibitin Malam Aminu Kano. Wasu daga nan sai su naɗe takardar hoton, su koma wajen mai sassaƙe, wai dama daji ba ya son allura. Wasu kuma su ce a bari sai kaka, in an sayar da gyaɗa. Ciwon kuwa ba ya jiran kaka.

Ciwon daji mataki-mataki ne, daga 1 zuwa 4. Sankarar mama, alal misali, takan fara da ƙullutu, ta bi kaluluwar hammata, daga baya ta kai huhu, hanta ko ƙashi. Hannun likita ba ya kaiwa can. Hoto ne zai nuna masa ko tiyata za a fara, ko ƙarin ruwan magani, ko gashi da na'ura.

Hoton iri-iri ne: wanda ake kira CT ba ya daɗewa, mintuna kaɗan ne. Sau da yawa ana zura wani ruwa ta jijiya, mutum ya ji ɗumi ya ratsa jikinsa, har ya zaci fitsari ya kubce masa. Bai kubce ba, ɗumin yanzu zai wuce. Saboda ruwan nan ne akan fara gwada ƙoda. Mai ciki, ko wadda take zato, lallai ta faɗa tun kafin ta kwanta.

Na MRI shi ne mai gwada haƙuri. Za a tura ka cikin na'ura mai ƙunci, ka yi rabin awa ko fiye ba motsi, tana ƙara kamar injin niƙa. Maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske, don haka zobe, ɗankunne, awarwaro, makulli da waya duk a waje za su tsaya. Guru da laya ma a cire, tunda ba kowa ya san abin da aka ɗinke a ciki ba. Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙafa bayan haɗarin babur ya sanar da ma'aikata.

Kunya na hana mata da yawa magana, alhali babu laifi mace ta nemi ma'aikaciya ta tsaya kusa da ita. Mai tsoron matsatsin wuri shi ma ya faɗa.

A tambayi kuɗi da batun cin abinci tun ranar da aka rubuta takardar, kada a yi asarar kuɗin mota. Tsofaffin hotuna kuma a adana su inda damshi da gara ba za su taɓa ba, a riƙo su duk zuwa, domin da su likita zai gane ko ciwon ya ja baya.