Gonakin da Suka Riga Kwamfuta

Kwarin Santa Clara na jihar Kaliforniya a Amurka, wanda a yau ya shahara da masana'antun kwamfuta, tun da fari ƙasar lambuna ce, inda manoma kan tsaga 'ya'yan mishmish biyu, su shanya su a rana bisa faifan katako. Da gine-gine suka cinye gonakin, sai ƙungiyar tarihi ta garin Sunnyvale da ke cikin kwarin ta ɗauki amanar adana tarihinsu, har ta buɗe gidan tarihi a 2008, kwatankwacin gidan wani mai suna Martin Murphy da aka rushe a 1961. Daura da gidan tarihin an bar eka goma na itatuwan mishmish, ana girbarsu kowace shekara, domin zuriya ta san asalin arzikin magabatanta.