Milimita 50 Ba Ɗan Ruwa Ba Ne

Duk lokacin da hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta yi gargaɗin ruwa mai ƙarfi, magana ɗaya ake maimaitawa a majalisun Tudun Fulani da ke Minna: "Milimita 50? Ai bai wuce tsawon tsinken ashana ba, shi ne zai ci gida?" Tun bayan ambaliyar Mokwa ta 29 ga Mayun 2025, wadda ta hallaka fiye da mutum 150, wannan magana take ci min rai.

Gaskiya ne, bai wuce tsinken ashana ba. Amma milimita zurfi kaɗai take aunawa. Ba a sanin yawan ruwa sai an haɗa zurfin da faɗin inda ya sauka. Ajiye gwangwanin madara da buɗaɗɗiyar ganga a tsakar gida, a sheƙa ruwan milimita 50. Zurfinsu ɗaya ne, amma na gwangwani ko alwala ba zai isa ba, na ganga kuwa rabin jarka ne. Magini ya san wannan: kaurin filasta bai taɓa gaya masa yawan buhunan siminti ba, sai ya auna bango. Haka mai gurasa, kauri ɗaya, amma babba ta fi cin fulawa.

To, ga lissafin. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Filotinmu na ƙafa 50 da 100 ya kai murabba'in mita 465. Ke nan milimita 50 a gida ɗaya ta haura lita 23,000, wato jarka fiye da 900 mai cin lita 25. A hekta ɗaya kuwa lita 500,000 ce, cikin tankar mai 15. Sannan akwai lokaci: ruwan da ya sauka a yini guda ƙasa na iya shanyewa, wanda ya zubo cikin awa ɗaya sai ya nemi hanya.

Ina hanyar? Rufin kwano ba ya sha, daɓen siminti ba ya sha, kwalbati kuma mun cika ta da leda da bola. Na kan tudu ya tura wa na gangare.

Jami'ai ma da nasu laifin, suna karanto lamba su tafi. Ina roƙon NiMet da gidajen rediyon Minna, idan za a sanar, a faɗa mana da jarka.