Lasin Tuƙi da Teburin Talla: Yadda Majalisar Albany Ke Juya Abincin Hausawan New York

Ranar Litinin 16 ga Disamba, 2019, tun gari bai gama wayewa ba dogayen layuka suka miƙe a ƙofar ofisoshin hukumar kula da motoci ta jihar New York, ga sanyin hunturu yana ratsa ƙashi. Mutanen da suka shafe shekaru suna kauce wa duk ginin da ke da tutar gwamnati, ranar su suka kai kansu, kowa riƙe da fasfon ƙasarsa. Abin da ya fito da su doka ce da Gwamna Andrew Cuomo ya sa wa hannu ranar 17 ga Yuni na shekarar, wadda ta bai wa duk mazaunin jihar da ya kai shekara 16 damar neman lasin tuƙi, yana da takardar zama ko ba shi da ita.

Dokar ba daga Washington ta fito ba. A Albany aka yi ta, wani matsakaicin gari da ke kimanin kilomita 240 arewa da birnin New York, inda majalisar dokokin jihar take zama. Bahaushen Bronx na iya zayyano maka abin da Fadar White House ta ce jiya game da biza, amma tambaye shi sunan wanda ke wakiltar unguwarsa a Albany, sai ya tsaya sosa ƙeya. Alhali lasin da ke aljihunsa, da kuɗin da ake cira daga kowace tafiya idan ɗan tasi ne, har da gefen titin da zai iya kasa kaya, yawancinsu daga can ake yanke su.

Masu jin Hausa a New York ba daga hanya ɗaya suka zo ba. Akwai 'yan zangon Ghana, daga Nima da Mamobi a Accra da zangunan Kumasi, waɗanda suka yi kaka-gida a Bronx, da masallatansu da shagunan waakye da tuwo. Akwai fataken Nijar da suka fara sauka a Harlem tun ƙarshen shekarun 1980, waɗanda masanin nan Paul Stoller ya bi rayuwarsu a littafinsa Money Has No Smell na 2002. Sai 'yan Nijeriya, da yawansu ta ƙofar karatu suka shigo. Da sana'o'in nasu za a jera, tuƙi ne zai zo kan gaba: tasi, kai saƙon abinci, jigilar kaya, ɗaukar marasa lafiya zuwa asibiti.

Kafin harin 11 ga Satumba, 2001, samun lasin bai da wannan wuyar. Gwamna George Pataki ne ya tsaurara sharaɗin nuna lambar inshorar jama'a ta tarayya, wadda baƙo marar takarda ba ya iya samu. A 2007 Gwamna Eliot Spitzer ya yunƙura zai buɗe ƙofar, aka yi masa ca, ya janye cikin 'yan makonni. Sai da aka ƙara shekara 12 kafin maganar ta wuce, kuma da ƙyar da jibin goshi: ƙuri'a 33 da 29 a majalisar dattawan jihar. Waɗanda suka ɗauki nauyin ƙudurin, Sanata Luis Sepúlveda da ɗan majalisa Marcos Crespo, dukansu wakilan Bronx ne, wato maƙwabtan 'yan zango.

Dokar ta yarda a karɓi fasfon ƙasar waje mai rai, ko katin ofishin jakadanci, ko lasin tuƙi na ƙasar da mutum ya fito, a matsayin shaidar ko wane ne mutum. Ta kuma taƙaita miƙa bayanan direbobi ga hukumomin shige da fice ba tare da umarnin alƙali ba, kuma wannan sashen ne ya fi tsone wa tarayya ido. A Fabrairun 2020 gwamnatin Trump ta dakatar da mutanen jihar daga shirin wucewa cikin sauri a filayen jirgin sama, sai a Yuli ta ɗage. A Fabrairun 2025 kuma ma'aikatar shari'a ta tarayya ta maka jihar a kotu kan dokar.

Amfanin lasin a bayyane yake. Mai shi zai yi wa mota rajista da sunansa, ya sayi inshora, ya kai 'ya'ya makarantar allo ta ƙarshen mako ba tare da gabansa na faɗuwa ba duk sa'ad da ya hango motar 'yan sanda a madubi. A da, da yawa sai dai su sa mota da sunan wani ɗan'uwa mai takarda, kuma ba a rasa zumuncin da irin wannan amana ta ɓata.

Amma akwai iyaka, kuma nan ne wasu sababbin zuwa ke yaudarar kansu. A fuskar katin an rubuta cewa ba ya aiki a harkokin tarayya, kuma tun 7 ga Mayu, 2025, irin wannan kati shi kaɗai ba ya isa shaida wajen hawa jirgin sama na cikin gida. Dokar ba ta shafi lasin manyan motocin kasuwanci ba. Hukumar tasi ta birnin ma tana neman lambar inshorar jama'a kafin ta ba mutum izinin ɗaukar fasinja. Lasin tuƙi ne, ba izinin aiki ba.

Ga kuma jarrabawa. Tambayoyi 20 ne, sai an ci 14, sannan darasin awa 5 kafin gwajin kan titi. Dokar jihar ta 2022 ta wajabta wa hukumomi fassara muhimman takardu zuwa harsuna 12 da aka fi ji bayan Ingilishi. Akwai Faransanci da Larabci a ciki, abin da ya sauƙaƙa wa ɗan Maraɗi da ya yi lakwal da malamin da ya yi karatu a Sudan. Babu Hausa. Dattijon da ya yi shekara ashirin yana jan mota tsakanin Kumasi da Bawku, amma bai zauna a aji ba, shi ne ke komawa ɗalibin jikansa a kan waya.

Tsallaka iyakar jiha kuwa kamar sauka wata ƙasa ne. New Jersey ta bi sahun New York daga Mayun 2021, Minnesota daga Oktoban 2023. North Carolina ba ta bi ba, alhali a garin Greensboro na jihar akwai ɗaya daga cikin manyan al'ummomin 'yan Nijar a Amurka, Zabarmawa da Hausawa, kuma gari ne da rayuwa ba mota ke da wuya ƙwarai. Florida ta ƙara gaba: dokarta ta 2023 ta ce ba ta san da lasin da wata jiha ta keɓe wa marasa takarda kaɗai ba. Wanda aka ce masa "taho nan, haya ta fi araha" ya kyautu ya fara tambayar abin da dokar tuƙin wurin ta ce kafin ya ɗaure kaya.

Su ma masu cikakkiyar takarda ba su kuɓuta daga Albany ba. Shekara da shekaru tasi mai ruwan ɗorawa ba ta cika leƙa Bronx da arewacin Harlem ba, sai motocin haya na unguwa, waɗanda 'yan Afirka ta Yamma da mutanen Jamhuriyar Dominika suka cika, su ke ɗaukar jama'a, kuma tsayawa wa mai ɗaga hannu a titi laifi ne a kansu. Dokar jiha ta 2011 ce ta haifar da koriyar tasi, wadda ta hau titi a 2013 da izinin ɗaukar fasinja a waɗannan yankuna. Direbobi suka ci bashi, suka yi fenti, suka sa mita. Ba su gama murna ba Uber da Lyft suka kwashe kasuwar.

Masu tasi mai ruwan ɗorawa sun fi shan wuya. Lambar izinin da ake liƙawa a kan bonet, wadda ta haura dala miliyan 1 a 2014, ta faɗo ƙasa da dala 200,000 cikin 'yan shekaru, ta bar mutane da bashin da ba ranar biya. A 2021 ƙungiyar direbobin tasi, ƙarƙashin Bhairavi Desai, ta yi yajin cin abinci na kwana 15 a gaban ofishin magajin gari, aka daidaita kan rage bashi zuwa dala 170,000. Cikin waɗanda suka yi yajin har da wani matashin ɗan majalisar jiha, Zohran Mamdani, wanda ya ci zaɓen magajin gari a Nuwamban 2025.

Sannan ga haraji a kan haraji. Tun Fabrairun 2019 jiha ke ɗora dala 2.50 kan kowace tafiyar tasi mai ruwan ɗorawa a kudu da titi na 96 na Manhattan, dala 2.75 kan motocin manhaja. Ranar 5 ga Janairu, 2025, harajin cunkoso da majalisar ta amince da shi tun 2019 ya fara aiki a kudu da titi na 60: dala 9 ga ƙaramar mota a lokacin hada-hada, santi 75 kan tafiyar tasi, dala 1.50 kan Uber da Lyft. A takarda fasinja ke biya. Direba kuwa ya san idan kuɗin mota ya hau, wani fasinjan jirgin ƙarƙashin ƙasa zai nufa.

Inda ba a zaci Bahaushe zai haɗu da dokar 'yan mazan jiya ba, nan suka haɗu: a teburin talla. Tun shekarun 1890 jihar New York ta ba sojojin da suka yi yaƙin basasar Amurka haƙƙin kasa kaya a titi, don wanda ya dawo da ƙafa ɗaya ya samu abin kaiwa baka. Dokar na nan har yau. A 1979 kuma birnin ya ƙayyade lasin masu sayar da kayan da ba abinci ba a 853 kacal, adadin da ya kafe haka fiye da shekara 40, har jerin masu jira ya cika aka rufe. Tsohon soja bai shiga wannan ƙayyadewa ba, wanda ya naƙasa a bakin aiki ma yana da damar tsayawa a wasu titunan da aka hana sauran.

Sakamakon bai da wuyar hange. Fataken Nijar da Senegal da Mali sun iso da jakunkuna da agoguna da huluna, babu lasin da za su nema. A Oktoban 1994 Magajin Gari Rudolph Giuliani ya sa aka kwashe teburan titi na 125, aka mai da wasu kasuwar Malcolm Shabazz a titi na 116. Waɗanda ke son tsakiyar gari, inda masu yawon buɗe ido suke, sai wasu suka shiga wata irin haɗaka da jaridun birnin suka sha ba da labarinta: baƙo ya kawo jari da kaya, tsohon soja ya zauna a gefen tebur da katinsa a wuya, a biya shi ladan yini. Doka ba ta yarda a ba da aron lasin ba, kuma idan jami'ai suka zo babu mai katin a wurin, kayan baƙo ne ke tafiya. Ba laifin sojan ba ne, shi ma talaka ne mai neman na abinci. Laifin na tsarin da ya toshe ƙofa ɗaya ne, ya mai da taimakon naƙasasshe ya zama kayan haya.

Yanzu kuma akwai 'ya'yan zango da su kansu suka sa kaki. Mai katin zama na dindindin na iya shiga sojan Amurka, kuma tun umarnin Shugaba Bush na Yulin 2002 hanyar zama ɗan ƙasa ta gajarta wa masu hidima. Akwai ma lokacin da rundunar ta nemi masu jin Hausa da kanta: shirin MAVNI, da ya ɗauki baƙi masu harsunan da ake buƙata har aka dakatar da shi a 2016, ya sa Hausa a jerinsa tare da Yarbanci da Ibo.

Wanda ya gama hidima lafiya yana da haƙƙoƙin da jiha ce ke bayarwa, ba tarayya ba. Za a buga masa shaidar tsohon soja a kan lasin tuƙi idan ya kai takardar sallama. Idan ya ja manyan motoci a bariki, ana iya yafe masa gwajin kan titi na lasin tirela. Yana da ƙarin maki 5 a jarrabawar shiga aikin gwamnati idan ya cika sharuɗɗa, 10 idan ya naƙasa, ga rangwamen harajin gida da tallafin kuɗin makaranta. Babu ɗaya daga ciki da ke zuwa da kansa. Sai an cika takarda an nema.

Majalisar Albany na zama ne daga Janairu zuwa farkon Yuni, kuma kasafin kuɗin jiha, inda aka saba cusa manyan dokokin sufuri irin su harajin cunkoso da halatta keken lantarki a 2020, wa'adinsa 1 ga Afrilu ne. Kowane ɗan majalisa na da ofishi a cikin unguwar da yake wakilta, kuma ba a tambayar mai shiga takardar zama. Limamai da shugabannin ƙungiyoyin zango da ke tara ɗaruruwan mutane kowace Juma'a a Bronx, lokaci ya yi da za su tura wakilai can da buƙata ɗaya a rubuce: a sa Hausa cikin harsunan jarrabawar tuƙi.